Yadda Ake Auna Asibitin Ƙauye da Ƙwayar Masara

Ba a sa ranar wannan aiki da damina. Daga Yako a Ƙiru har Dariya a Doguwa, kowa yana gona, hanyoyin da suka ratse daga titin Jos kuma sun cika da taɓo. A bari amfani ya shiga rumbu. Gaisuwar dagaci da liman ba sai an koya wa kowa ba. Abin da za a roƙa wurinsu shi ne mai shela da inuwa, sannan cikin ladabi a nuna musu zaman farko ba nasu ba ne.

Ƙungiyar CARE ce ta fara tsarin a Malawi a 2002: jama'a su ba asibitinsu maki, ma'aikata su ba kansu, sannan a haɗu a gwama. Tunanin ya girmi haka. Tun 1965, a wani taro a garin Swampscott na Amurka, masana halayyar ɗan'adam suka ce zama a ofis ana jiran mai damuwa ya shigo bai wadatar ba, sai an shiga unguwa an yi aikin tare da mutanenta. Mu a Kano mun koyi darasin da tsada, lokacin da allurar shan inna ta tsaya a 2003, ba ta dawo ba sai Yulin 2004.

Masu masaukin su ne 'yan kwamitin ci gaban mazaɓa. Galibi za ka tarar da tsohon malamin firamare, da ungozoma, da direban da ake buga wa ƙofa tsakar dare. Ba albashi suke ɗauka ba, amma sun san gidan da aka yi rashi bara da abin da ya jawo.

Sai a raba mutane: magidanta daban, samari daban, Fulanin rugagen gefen dajin Falgore a wurinsu da mai jin Fulatanci, masuntan Tiga a lokacin da suka baro ruwa. Mata masu goyo kuwa kada a kuskura a haɗa su da surukansu.

A zaman matan ne gwani yake bambanta da ɗan koyo. In aka ce, "Yaya asibitinku?" amsar ɗaya ce: "Lafiya lau, Alhamdu lillahi." An gama ke nan, an tashi ba a ji komai ba. Wadda ta iya, don mace ce ya kamata ta ja zaman, labari take kawowa: "Wata baiwar Allah a ƙauye kamar wannan, naƙuda ta kama ta bayan lisha. Me za a fara yi?" Sai ta yi shiru. Shirun yakan yi tsawo har ɗan koyo ya ƙosa ya ba da amsa da kansa, ya ɓata komai. In aka daure, wata za ta yi dariya ta ce a fara neman mai fitila. Wata ta ce ai kwaɗo ne a ƙofa. Wata ta sunkuyar da kai ta ce namiji ne yake kwana a can. Da yake zancen "wata" ake yi, ba wadda ta tona asirin gidanta.

Daga bakinsu ake tsamo abin da za a auna, kowanne da ƙwaryarsa da alamarsa: fitila, kwalbar magani, tulu, hoton baki don irin maganar da ake yi musu. Kowace mace ta zagaya bayan zana ita kaɗai, ta zuba ƙwayar masara ɗaya zuwa biyar, ta rufe da faifai. A gabansu ake ƙirgawa. Ni dai ban cika damuwa da jimillar ba. In ƙwaryar awon ciki ta cika, ta haihuwa ta zo da 'yan ƙwayoyi, tambayar "me ya sa?" ita ce aikin. A rubuta dalilin da kalmominsu, ba suna. Wadda ba ta ce uffan ba, a bi ta bakin rijiya daga baya.

Ma'aikata su ma su yi nasu, mai gadi da mai shara ba a gaban incaji ba.

Ranar haɗuwa, tabarma ɗaya ga kowa, ba tebur na manya. A fara da inda aka yaba, don in ma'aikaci ya ji kamar kotu aka kawo shi, ba abin da zai ƙara shiga kunnensa. Sau da yawa ma za a ga shi ma ƙarancin maki ya ba ruwa da wuta, domin da fitilar wayarsa yake ɗinki. Matsalolin a kasa su uku: wanda gari zai iya da aikin gayya, wanda asibiti zai gyara da kansa, da wanda sai an kai ƙaramar hukuma, kamar turo ma'aikaciya mace. Asibitin da yake cikin asusun kula da lafiya da dokar 2014 ta kafa yana samun ɗan kuɗi kai tsaye, kuma shugaban kwamitin yana cikin masu sa hannu, don haka a tambayi lissafin a nan take.

Kowane aiki a ɗora shi kan mutum guda da rana guda, a liƙa takardar a ƙofar asibiti. Bayan wata shida a dawo da ƙore iri ɗaya, ba ragi ba ƙari. In an canza incaji a tsakani, a fara karanta wa sabon tsohuwar takardar kafin a raba masara.