Yadda Za Ki Saƙa Wa Jariri Hular Sanyi Kafin Hunturun Jos Ya Kankama

Garin Jos yana zaune ne a kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga gaɓar teku, shi ya sa sanyinsa ya bambanta da na Kano ko Bauchi. A watannin Disamba da Janairu babba ma sai ya nemi bargo biyu, sannan damina ta zo da nata sanyin a Yuli da Agusta, wani lokaci har da ƙanƙara. Jaririn da aka haifa a irin wannan gari yana bukatar hula tun ranar farko, domin kansa babba ne idan aka kwatanta da jikinsa, kuma ɗumi yana saurin fita ta nan. Hulunan kanti suna nan birjik, amma sau da yawa ko su yi masa yawa su rufe ido, ko su matse goshi. Wadda kika saƙa da hannunki ke ce kika auna ta.

Mataki na farko: kayan aiki

Ki nemi dunƙulen zaren ulu mai matsakaicin kauri, giram 50 ya isa har ya yi saura. Sai tsinken saƙa guda biyu masu kaurin milimita 4, da allura mai faffaɗan ido, da almakashi, da tef na awo. Tun bayan gobarar babbar kasuwar Jos a 2002 'yan kasuwa suka bazu a titunan da ke kewayen Taminus, a can za ki samu masu kayan ɗinki da zare. Kafin ki biya, ki goga zaren a wuyanki. In ya yi miki ƙaiƙayi, to fatar jariri ba za ta jure shi ba. Ki zaɓi launi mai haske, domin a baƙin zare mai koyo ba ta ganin idon saƙa.

Idan kuɗi sun yi ƙaranci, akwai dabarar iyayenmu: a sayi suwaitar gwanjo mai laushi a kasuwar Katako, a warware ta, a wanke zaren ya miƙe, a naɗe.

Mataki na biyu: ɗora idanu

Ki yi zarge ɗaya ki rataya a tsinken hagu. Ki zura tsinken dama cikin zargen, ki naɗa masa zare sau ɗaya, ki jawo sabon ido, ki mayar da shi kan tsinken hagu. Haka za ki yi ta yi har su kai 72. Dalilin wannan adadi shi ne kan sabon jariri yakan kai santimita 33 zuwa 35 a kewaye, irin wannan zaren kuma yana ba da idanu wajen 22 a kowane santimita 10. Hular za ta ɗan gaza kan, ta buɗe ta kama shi daidai.

A nan ne nake so ki tsaya ki natsu, domin duk kyan saƙa yana ga yadda hannu ke riƙe zare. Mai koyo takan ja zaren da ƙarfi don tsoron kada ido ya suɓuce, sai idanun su shaƙe tsinke, ta koma tana tura shi da yatsa har ya yi ja. Ki ratsa zaren ta tsakanin ƙaramin yatsanki da na kusa da shi, ki ɗora shi a kan manuniya, ki bar shi yana gudu da kansa. Alamar kin samu daidai ita ce idanu suna zamewa a kan tsinke ba tare da kin yi kokawa ba, kuma ba sa faɗowa in kin karkata shi. Ban ga laifi ba ki yi yini guda kina saƙa ɗan ƙyalle kina warwarewa kafin ki taɓa hular.

Mataki na uku: bakin hula

Saƙa iri biyu ce kawai za ki koya. A saƙar gaba, zare yana bayan aiki: ki zura tsinken dama daga gaba ya ɓulla baya, ki naɗa, ki jawo sabon ido ta wajenki, ki sauke tsohon. A saƙar baya kuwa, ki dawo da zaren gabanki, ki zura tsinken daga dama zuwa hagu ta gaban idon, ki naɗa, ki tura sabon idon baya.

Ki yi gaba biyu, baya biyu, har ƙarshen layi, ki juya ki maimaita. Kada ki manta da sauya wa zaren wuri duk lokacin da kika canza, in ba haka ba za ki ga idanu sun ƙaru kuma rami ya fito. Ki ci gaba har santimita 3. Wannan shi ne bakin da ke miƙewa ya koma kamar roba.

Mataki na huɗu: jiki

Layi ɗaya gaba zalla, layi ɗaya baya zalla, har tsawon aikin daga baki ya kai santimita 9. Wannan shi ne wurin hutu, ana yin sa ana hira bayan sallar isha'i ko ana jiran tuwo ya silala. Ki dai riƙa ƙirga idanunki lokaci-lokaci.

Mataki na biyar: rage kai

A layin gaba, ki saƙa idanu 6, ki haɗa biyu na gaba ki saƙa su tare, ki maimaita har ƙarshe. Za su koma 63. Ki dawo da layin baya ba ragi. A layi na gaba ki yi 5 ki haɗa biyu, su zama 54. Haka za ki yi ta sauka, 4, 3, 2, 1, kina saka layin baya a tsakani, har su kai 18. Daga nan ki haɗa su bibbiyu su rage 9. Ki yanke zaren ki bar jela mai tsawon kamu biyu, ki sa a allura, ki ratsa idanun taran, ki zare tsinke, ki ja su tsuke. Da sauran jelar za ki ɗinke gefe biyun daga sama zuwa baki, kina kama ido ɗaya a kowane gefe, ɗinki mara tudu don kada ya danne kan yaro. Ki ɓoye bakin zaren ta ciki.

Ina roƙonki kada ki sa igiyar ɗaurewa a ƙarƙashin haɓa, ko maɓalli da duwatsun ado da za su iya cirewa su shiga baki. Kwalliyar launi biyu ta wadatar ga kayan barka ko na ranar suna.

Wanki da ajiya

Yawancin zaren da muke kira ulu a kasuwa na roba ne, ba gashin tumaki ba, kuma yana narkewa in ya kusanci wuta. A gidajen da ake hura gawayi don jin ɗumi a lokacin sanyi, kada a shanya hular a bakin kasko. Ki wanke ta da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu mara ƙarfi, ki matse ta a cikin tawul, ki shimfiɗa a inuwa. Rataya ta a igiya yana sa ta zazzago. In ɗaki ya yi ɗumi kuma yaro yana barci, a cire masa ita, musamman in kin taɓa ƙeyarsa kin ji gumi.

Kan jariri yana girma da sauri a watannin farko, don haka in kin gama wannan ki ɗora idanu 80 ki fara ta biyu, ki ƙara santimita ɗaya ko biyu a jiki. Lissafin ragin bai canza ba, sai dai zai ƙare da idanu 10 maimakon 9.