Darasi: 'Ya'yanmu a Manyan Makarantu da Matsalar Shaye-shaye

'Yan'uwa, kowace shekara da yawa daga cikinmu mukan sayar da shinkafar da muka noma a fadamar Rima domin biyan kuɗin makarantar 'ya'yanmu. Waɗansunsu suna Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, waɗansu suna jami'ar jiha a Aliero, waɗansu kuma suna Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu. A darasinmu na yau za mu duba abin da kan mai da wannan wahala tamu banza, wato giya da ƙwaya, da kuma abin da ya wajaba a kan makaranta da iyaye.

Girman Matsalar

Rahoton 2018 na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3, masu shekara 15 zuwa 64, sun sha miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda. A kowane mutum huɗu, ɗaya mace ce. Wiwi ne kan gaba, sai irin su tiramadol da kodin. A watan Mayu na 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi.

Yadda Ɗalibi Kan Faɗa

Sau da yawa abin yakan fara ne lokacin jarrabawa. Aboki ya ba shi ƙwaya ɗaya, wai don ya raba dare yana karatu. Ƙwaya ba ta wari kamar giya, saboda haka ba mai ganewa. Sannu a hankali jiki ya saba, ɗaya ta daina isa. Ran da bai samu ba sai ciwon jiki, gumi da rashin barci. Tiramadol mai yawa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, in kuwa aka haɗa shi da giya yana iya tsai da numfashi.

Dokar Makaranta

Manyan makarantu sukan ba sabon ɗalibi littafin dokoki, hukuncin shaye-shaye kuwa yakan kai ga dakatarwa ko kora. A watan Yuli na 2025 Ministan Ilimi, Tunji Alausa, da shugaban hukumar NDLEA, Buba Marwa, sun amince a riƙa yi wa ɗaliban manyan makarantu gwajin ƙwaya. Gwaji yana da amfani, amma iyakarsa ya nuna ciwo, ba ya warkarwa. Ɗalibin da aka kora ba tare da magani ba yakan koma unguwa da jarabarsa, ga kunya, ga zaman banza.

Saboda haka muna ganin doka mai kyau tana bukatar abu uku. Na farko, ta bambanta mai sayarwa da wanda jaraba ta kama. Na biyu, ta rufa asirin ɗalibin da ya kai kansa asibitin makaranta ko wurin mai ba da shawara, gama in neman taimako zai jawo kora, ba wanda zai nema. Na uku, ta bar masa hanyar komawa aji bayan ya sami lafiya.

Namu Aikin

Mu karanta littafin dokokin tare da 'ya'yanmu kafin su tafi. Mu ziyarce su, mu san abokan kwanansu. Mu lura da rama, yawan roƙon kuɗi, faɗuwa a jarrabawa da guje wa mutane. In mun ga alama, kada mu hana ɗan ƙwaya farat ɗaya mu kulle shi a ɗaki, kada kuma mu sa masa mari. Mu kai shi wurin likita. Akwai asibitin tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa a Kware, kusa da Sakkwato. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Tambayoyi Domin Tattaunawa

1. Mun san abin da dokar makarantar ɗanmu ta ce game da shaye-shaye?
2. In 'yarmu ta faɗa wannan hali, wa za ta iya gaya wa a gidanmu ba tare da tsoro ba?
3. Yaya ikkilisiyarmu take karɓar ɗalibin da aka koro?