Amsar Tambaya: Jest da Laƙabin Hanyar Fayil

Malam, ka nemi sanin dalilin da ya sa manhajarka take aiki lafiya lau, amma da zarar ka zo jarraba ta da Jest sai ya ce bai ga "@/utils" ba. To, bisa haƙiƙa, Jest ba ya duba laƙabin da ka ajiye wa Webpack, balle "paths" na tsconfig.json, domin kuwa yana da nasa tafarkin neman fayil. Saboda haka wajibi ne ka sake bayyana masa laƙabin a ƙarƙashin moduleNameMapper, inda '^@/(.*)$' zai koma '<rootDir>/src/$1'. Sannan ka kiyaye tartibi, ka gabatar da ƙa'ida keɓantacciya a kan ta gama-gari, don wadda ta fara dacewa ita yake ɗauka. Vitest kuwa, alhamdu lillahi, yana karanta laƙabin vite.config kai tsaye.