Gwajin Zuciya Cikin Motsa Jiki

Ba a gane lafiyar babbar mota tana ajiye a tasha, sai ta ɗauki kaya ta kama hawa. Haka zuciyar ɗan Adam take. Mutum yana iya zama a rumfarsa lafiya lau, amma da zarar ya ɗaga buhu ko ya yi sauri domin ya riski mota, sai ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, numfashi ya gagara. In ya huta, abin ya lafa. Da yawa sukan ce gajiya ce ko olsa, alhali wani lokaci jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini ne suka ƙuntata.

Me ya sa ake yin gwajin?

Zuciya tsoka ce, tana buƙatar ƙarin jini idan aikinta ya ƙaru. Ƙuntatacciyar jijiya takan wadatar da ita lokacin hutu, ta gaza lokacin wahala. Shi ya sa awon da aka yi wa mutum yana kwance kan iya fitowa ba matsala. Wannan gwaji yana sa zuciya aiki a gaban likita domin ɓoyayyen ciwo ya bayyana.

Yadda ake yinsa

Ana manna wayoyi a ƙirji, a ɗaura ma'aunin hawan jini a dantse. Sai mutum ya yi tafiya a kan na'ura mai shimfiɗa mai motsi, ko ya tuƙa keken da ke kafe wuri guda. A tsarin da wani likitan Amurka, Robert Bruce, ya fitar a 1963, ana ƙara sauri da tudu duk bayan minti 3. Likita yakan cire shekarun mutum daga 220, ya nemi bugun zuciya ya kai kashi 85 cikin 100 na abin da ya rage. Ga mai shekara 50, wajen bugu 145 ke nan a minti ɗaya. Tafiyar ba ta cika wuce minti 15 ba.

Kafin ku je

Ku guji cin abinci mai nauyi awa 3 kafin gwajin. Ku bar goro, shayi, kofi da taba a ranar, domin suna ƙara bugun zuciya. Ku sa tufafi marasa nauyi da takalmin da ya kama ƙafa. Ku nuna wa likita dukkan magungunanku, har da na gargajiya, kuma kada ku daina shan wani sai da izininsa. Idan kuna kan na'urar kuka ji jiri ko ciwon ƙirji, ku faɗa nan take. Dauriya a nan ba jarumta ba ce.

Ga masu ƙetare iyaka

A Nijar likitoci suna kiran gwajin *épreuve d'effort* da Faransanci. Mai fatauci tsakanin Maraɗi da Katsina, ko Birnin Ƙonni da Illela, ya riƙa tafiya da takardar sakamakonsa da sunayen magungunansa, domin kowane likita zai iya karanta zanen bugun zuciya, ko da wane harshe ya yi karatu.

Lokacin da ba a jiran gwaji

Idan ciwon ƙirji ya zo mutum yana zaune, bai lafa da hutu ba, ko ya bi hannu ko muƙamuƙi tare da zufa, a garzaya da shi asibiti mafi kusa. Masu hawan jini, ciwon suga ko shan taba da ƙirjinsu ke ɗaurewa wurin aiki, su nemi a tura su ga likitan zuciya tun kafin ranar kasuwa ta gaba.