Doug Williams, Madugun Ƙwallon Amurka

Mutanen Amurka suna da wani wasa da suke kira ƙwallon ƙafa, amma ba irin namu ba ne. Ƙwallon nasu dogo ne kamar ƙwai, kuma da hannu aka fi yinsa. Kowane gefe mutum 11 ne. A cikinsu akwai wanda suke kira kwatabak, wato madugu, shi ke faɗa wa 'yan'uwansa dabarar da za a bi, shi ne kuma mai jefa ƙwallo. In aka kai ƙwallo ƙarshen filin abokan karawa an sami maki 6.

Shekaru da yawa manyan ƙungiyoyi ba su yarda su ba baƙar fata wannan matsayi, wai su gudu kawai suka iya, ba su da kaifin basirar jan ragama. Doug Williams yana cikin waɗanda suka ƙaryata wannan zance.

An haife shi a 1955 a garin Zachary, jihar Louisiana. Ya yi karatu a jami'ar Grambling, wadda ta baƙar fata ce, a hannun wani mashahurin mai koyar da wasa, Eddie Robinson. A 1977 ya zo na huɗu a zaɓen gwanin 'yan wasan jami'o'in ƙasar baki ɗaya. Duk da haka masu koyar da wasa na manyan ƙungiyoyi ba su kula shi ba, sai wani Joe Gibbs na ƙungiyar Tampa Bay, wanda ya je har Grambling ya gan shi. A 1978 Tampa Bay ta ɗauke shi.

Kafin zuwansa, ƙungiyar nan ta taɓa shan kaye sau 26 a jere. Amma cikin shekara 5 da ya yi, sau 3 suna kaiwa zagayen ƙarshe na gasa. To, ga abin haushi. Albashinsa dala 120,000 ne a shekara, ƙasa da na dukkan madugai takwarorinsa, har da waɗansu masu zaman jira a benci. Ya nemi 600,000, mai ƙungiya ya tsaya a kan 400,000. A 1983 matarsa ta rasu, shi kuma ya bar Tampa Bay. A ganina ba kuɗin ne ya kore shi ba, raini ne. Su kuwa ba su sāke kaiwa zagayen ƙarshe ba sai 1997.

A 1986 Gibbs ɗin nan, wanda a lokacin ya zama mai koyar da ƙungiyar Washington, ya kira shi. Ran 31 ga Janairu 1988 suka kara da Denver a birnin San Diego, a wasan ƙarshe da ake kira Super Bowl. Kwana guda kafin wasan likita ya yi masa aiki a haƙori. Da aka fara kuma ya gurɗe a gwiwa, ga Denver tana gaba da 10 da ba ko ɗaya. Sai ya koma fili. A kashi na biyu na wasan, minti 15 kacal, ya yi jifa 4 da kowanne ya kai ƙarshen fili, ƙungiyarsa ta tara maki 35. Aka tashi 42 da 10, aka zaɓe shi gwanin wasa. Shi ne madugu baƙar fata na farko da ya ci wannan kofi.

A 1998 ya koma Grambling ya gaji malaminsa Eddie Robinson.