Cinikin Duwatsun Sama: Tsakanin Sha'awa Da Neman Riba

Ran 3 ga Oktoba, 1962, wani dutse mai nauyin kimanin kilo 18 ya faɗo daga sama a Zagami, cikin lardin Katsina. Daga baya masana suka tabbatar cewa daga duniyar Mars ya fito. Irin waɗannan duwatsu da giram ake sayar da su, kuma dillalai da dama da sha'awar tarawa suka fara.

Matsalar mai tarawa ita ce, in ya riƙe duk dutsen da ya burge shi, jarinsa ya kwanta. In ya sayar da duka, abin sha'awar ya tafi. Don haka ya kamata ya raba na ajiya da na sayarwa tun ranar saye, kowanne da littafinsa. Wasu kan yanka dutse, su ajiye ɓangare, su sayar da saura don mayar da uwar kuɗi.

Sai batun shaida. Farashi yakan ɗaga in masana sun gwada dutse, ƙungiyar Meteoritical Society ta yi masa rajista. Sharaɗin shi ne a ajiye samfurin giram 20 ko kashi 20 cikin ɗari na dutsen, duk wanda ya fi ƙanƙanta.

Akwai kuma doka. A Yulin 2025, kamfanin Sotheby's ya yi gwanjon wani dutsen Mars da aka tsinta a jihar Agadez a 2023, kan dala miliyan 5.3. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda aka fitar da shi. Don haka dole ɗan kasuwa ya nemi takardun asali kafin ya biya.