Yadda Ake Ziyarar Gidan Tarihi Don Ganin Aikin Zare: Daga Daudawa Zuwa Kano

Mutumin Daudawa ya san auduga tun tana gurya. A garinsa ne Turawan mulkin mallaka suka kafa gonar irin auduga, kuma har yau Funtua da ke kusa ita ce cibiyar gurzarta. Abin da bai cika gani ba shi ne ƙarshen labarin, wato inda zare yake komawa aska takwas a ƙirjin babbar riga. Turai tana da gidajen tarihi na leshi, kamar na tsibirin Burano a Italiya da na Calais a Faransa, wanda aka buɗe a 2009. A ƙasar Hausa kuwa, mai son ganin gwanintar allura sai ya haɗa wurare uku ko huɗu a Kano cikin yini guda.

Farkon shiri zaɓen rana. Ba a zuwa ran Juma'a, domin gidan tarihi na Gidan Makama, zangon farko, yana daura da fadar Sarki da babban masallaci, da hantsi ya ɗaga hanya ta fara cunkushewa. Litinin zuwa Alhamis ta fi. Ana yin sammako, ba asubanci ba: yadda hanyoyin yankin Daudawa suke a shekarun nan, sai gari ya waye sosai an ji ta bakin direbobi. Daga Funtua akwai zaɓi biyu, ko a bi ta Zariya, ko a bi Bakori da Malumfashi, a karya ta Dayi da Gwarzo a shigo ta Kabuga. Daga can sai adaidaita sahu. Wanda ya fito daga Sabuwa ko Ƙanƙara, gara ya yi niyyar kwana.

Gidan Makama ginin ƙasa ne na ƙarni na 15, ana danganta shi da Muhammadu Rumfa, wanda ya sarauci Kano daga 1463 zuwa 1499. Hukumar gidajen tarihi ta tarayya, wadda aka kafa a 1979, ita ke kula da shi. A bakin ƙofa ake yankar tikiti, kuma a nan ne ake ɗan lissafi.

Bisa al'adar irin waɗannan gidaje, kuɗin babba daban, na yaro ko ɗalibi daban, na baƙon waje ya fi duka. Ɗalibi ya riƙo katinsa. Malamin da zai kawo aji ya aiko da takarda tun kafin ranar, a daidaita kuɗin rukuni, a kuma tanadar musu mai bayani. Ɗaukar hoto sau da yawa yana da nasa kuɗi, saboda haka a tambaya kafin a zaro waya, kada a sha kunya a tsakiyar zaure. A riƙe ƙananan kuɗi a aljihu, a kuma karɓi rasit. Amma duk cikin waɗannan, kuɗin da ya fi amfani shi ne ɗan ihsanin da ake yi wa mai rakiya. Wanda ya shiga shi kaɗai zai zagaye zauruka cikin rabin sa'a ya fito yana cewa ya ga tsofaffin ƙyamaren ganuwa da hotuna. Wanda ya tsaya da mai bayani a gaban kayan sarauta, shi ne zai koma gida da labari.

Kallon riga ma da yadda ake yinsa. Ana farawa da ƙyallen: saƙi ne mai duhun baba, ko tsamiya ce, wadda ake samun zarenta daga gidan tsutsar daji? A matsa kusa a ga layukan haɗi, domin masaƙar maza sirara take fitarwa, faɗin 'yan yatsu, sai an jera da yawa an ɗinke kafin a sami riga. Daga nan ido ya koma aljihu. Dogayen tsinin nan da suka zubo ƙasa su ne askar, a ƙirga a gani biyu ce ko takwas. Zagayen da ke ɗaya gefen, wanda ake maimaita shi a baya, shi ne tambari. Wani ne yake zana fasalin da alƙalami da tawada, wasu kuma su bi da allura, aikin da kan ci watanni. Wurin da ya cancanci a daɗe shi ne inda aka huda ƙananan ramuka aka ɗaure bakin kowanne da zare, ɗaruruwa a jere kamar saƙar zuma. Matar da ta saba sayen leshin Austiriya ko na Suwizalan don biki, idan ta duba nan da kyau, za ta gane dangin abin da take ɗaurawa, sai dai wannan ba inji ya yi shi ba.

Zango na biyu Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, tsohon mazaunin Hanns Vischer, wanda ya fara makarantar boko a Kano a 1909. Shi ma, abin dariya, haifaffen Suwizalan ne, ƙasar leshi. Gidan yana hannun hukumar tarihi da al'adu ta jihar Kano, don haka tikitin Gidan Makama ba ya aiki a nan, sabo ake yanka. Wanda lokacinsa ko aljihunsa bai kai biyu ba, ya tsaya a na farko.

Marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take, ba ta da tagar tikiti. Ciniki ne da marina, kuma a gama shi kafin a ɗaga kyamara. Nan za a ga baba da toka cikin rami, da ƙyalle yana fitowa kore-kore, iska na bugunsa yana rikiɗa shuɗi, ga kuma ƙarar mabuga a gefe. Kasuwar Kurmi ba a biyan ko sisi, a can ne kuma za a iya ɗaga riga a juya ta ciki, abin da gidan tarihi ba zai yarda ba. Aikin hannu bayansa yana nuna ƙulle-ƙullen zare da ɗan karkata nan da can, na inji kuwa daidai yake tsaf kamar an buga da hatimi.

Kafin la'asar sakaliya mai komawa Funtua ya kasance a tasha. Idan ya makara, ya kwana a Kano ya kama motar safe.